Daga Gonar Shinkafa Zuwa Bakin Wutar Sansani: Tarihin Waƙar Kumbaya

Gabatarwa

Masana adabin baka sun daɗe da lura cewa waƙa ta fi mai ita ƙafa. Mawaƙi yakan rayu ya mutu a garin da aka haife shi, amma waƙarsa ta ƙetare kogi da teku, ta kwana a bakin mutanen da ba su taɓa jin ko sunansa ba. A irin wannan doguwar tafiya waƙa takan sauya kama. Wani ya rage mata ɗa, wani ya ƙara mata, wani ya jirkita mata gindi, wani kuma ya miƙe tsaye ya ce shi ne ubanta. Matsalar da mai nazari kan fuskanta ita ce da wuya a sami shaidar da za ta nuna zango-zangon wannan tafiya, domin baki ba ya barin sawu.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wata waƙa da aka yi sa'a ta bar sawu a kusan duk inda ta yada zango, wato waƙar da duniya ta sani da suna Kumbaya. Tana cikin waƙoƙin da suka fi shahara a sansanonin hutun yara na ƙasar Amurka, daga can kuma ta shiga littattafan waƙoƙin sikawut da na coci a ƙasashe da dama. Za mu duba inda ta fito, da waɗanda suka yi da'awarta, da dalilin da ya sa yara suka rungume ta, da kuma yadda sunanta ya koma abin ba'a a bakin 'yan siyasa. A ƙarshe za mu ga abin da wannan tarihi yake faɗa wa duk mai hulɗa da waƙar da ba a san mawaƙinta ba.

Sansanin Yara da Waƙoƙinsa

Kafin mu shiga tarihin waƙar, ya kamata mu san fagen da ta yi suna a cikinsa. A Amurka makarantu kan yi dogon hutu daga watan Yuni zuwa Agusta, iyaye kuma sukan tura 'ya'yansu su yi mako ɗaya ko fiye a wani sansani a cikin daji ko a bakin tafki, inda za su koyi iyo da tuƙin kwalekwale da zaman cuɗanya. Ana danganta mafarin wannan al'ada da wani malamin makaranta mai suna Frederick Gunn, wanda ya fita da ɗalibansa zaman daji a jihar Connecticut a shekarar 1861. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA ta fara nata sansanin a 1885. Bayan da Baden-Powell ya gwada sansanin sikawut na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, sai aka kafa ƙungiyar sikawut ta maza a Amurka a 1910, ta mata kuma a 1912, a birnin Savannah na jihar Jojiya, ƙarƙashin jagorancin Juliette Gordon Low. Mai karatu ya riƙe sunan wannan birni, domin za mu dawo kansa.

Babban abin da ke rufe yini a irin wannan sansani shi ne zaman bakin wuta. Idan dare ya yi sai a hura wuta, yara su kewaye ta, a yi ta waƙa har lokacin barci. Waƙar da za ta dace da wannan zama tilas ta cika wasu sharuɗɗa. Dole ta zama mai saurin kamawa, domin yaran daga garuruwa dabam-dabam suka zo, ba su san juna ba, kuma babu hasken da za a karanta takarda. Dole ne raujinta ya zama mai sauƙin da ko marar murya zai iya bi. Dole kuma ta zama mai karɓar ƙari, ta yadda jagora zai iya tsawaita ta ko ya gajarta ta gwargwadon yadda ya ga idon yara. Waƙoƙin farkon zama masu hayaniya ne da ban dariya, amma idan wuta ta fara ja baya, sai a nemi waƙa mai sanyi da za ta kwantar da jiki. A wannan gurbi na ƙarshe ne Kumbaya ta sami mazauni.

Mutanen Gullah da Ƙasarsu

A gaɓar tekun jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya akwai fadamu da jerin tsibirai inda Turawa suka kafa gandayen shinkafa tun daga ƙarshen ƙarni na 17. Masu gandayen sun fi son bayin da aka kamo daga yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Saliyo, saboda mutanen wannan yanki sun gaji noman shinkafa kaka da kakanni. An kuma kawo bayi masu yawa daga Kongo da Angola. Tashar jiragen ruwa ta Charleston ita ce babbar ƙofar da suka shigo ta cikinta, har zuwa lokacin da Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808. Bautar kanta ba a soke ta ba sai a 1865.

Zazzaɓin cizon sauro da cutar shawara sun sa iyayengijin bayin kan gudu daga fadamun a lokacin zafi, don haka baƙaƙen fata suka fi yawa ƙwarai a yankin, cuɗanyarsu da Turawa kuma ta yi ƙaranci. Wannan keɓewa ita ce ta haifar da al'ummar da ake kira Gullah, ko Geechee a ɓangaren Jojiya. Harshensu gauraye ne: yawancin kalmominsa na Ingilishi ne, amma furuci da ginin jimla sun ɗauko da yawa daga harsunan Afirka ta Yamma. Ɗan'uwa ne ga harshen Kiriyo na Saliyo, kuma wanda kunnensa ya saba da Turancin buroka na garuruwanmu ba zai ji shi baƙo ƙwarai ba.

A nan ne asirin sunan waƙar yake. Asalin sunanta da Ingilishi shi ne "Come By Here", ma'ana roƙo ne ga Ubangiji da ya biyo ta nan. A bakin Gullah, kamar yadda yake a Kiriyo, kalmar da ke nufin "nan" takan fito da sautin "ya". Idan aka haɗa kalmomin uku aka furta su da wannan karin harshe, abin da kunnen baƙo zai ji shi ne Kumbaya. Turken waƙar kuwa addu'a ce. Kowane ɗa yana ambaton wani mutum da ke cikin wani hali, ko na kuka, ko na roƙo, ko na buƙata, sannan gindin ya kira Ubangiji ya kawo ɗauki. Ba a faɗi sunan mai kukan ba, saboda haka kowa a cikin taro yana iya sa kansa a gurbin.

Shaidar Farko

Littafin farko da ya tattara waƙoƙin addini na bayin Amurka ya fito a 1867, yana ɗauke da waƙoƙi 136, kuma mafi yawansu daga waɗannan tsibirai aka samo su. Wannan waƙa ba ta cikinsa. Saboda haka masu cewa bayi ne suka rera ta a gona suna faɗin abin da zai iya yiwuwa ne, amma shaidar da ke hannu ta fara ne daga shekarun 1920.

A shekarar 1926 wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Robert Winslow Gordon, yana zaune a garin Darien da ke gaɓar tekun Jojiya. Yana da na'urar ɗaukar murya irin ta wancan zamani, wadda allurarta ke zana sauti a jikin faifan kakin zuma mai siffar gwangwani. Da ita ya ɗauki muryar wani baƙar fata da ya rubuta sunansa H. Wylie yana rera wannan waƙa da karin harshen Gullah. Wannan shi ne faifai mafi tsufa na waƙar da aka sani. Daga 1926 zuwa 1928 Gordon ya ɗauki wasu faya-fayai uku masu irin wannan gindi: ɗaya waƙa ce dabam a kan ƙissar Daniyel a ramin zakuna, ɗaya ya ɓata, ɗaya kuma ya fashe. A 1928 Gordon ya kafa taskar waƙoƙin gargajiya a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya kuma ajiye faya-fayansa a can.

A wannan shekara ta 1926 dai, wani shugaban makaranta a garin Alliance na Karolina ta Arewa, Julian Parks Boyd, ya sa ɗalibansa su tattaro masa waƙoƙin yankinsu. Wata ɗaliba mai suna Minnie Lee ta kawo kalmomin wannan waƙa, Boyd kuma ya aika wa Gordon su a 1927. A 1931 wata ƙungiyar Turawan Charleston mai adana waƙoƙin addini na baƙaƙen fata ta buga wani nau'inta a littafi. A 1936 John Lomax, wanda ya gaji Gordon a taskar, ya ɗauki muryar wata mata mai suna Ethel Best tana rera ta tare da 'yan amshi a Raiford ta jihar Fulorida.

Waɗannan shaidu sun nuna abu biyu. Na farko, kafin 1936 waƙar ta riga ta bazu a bakin baƙaƙen fata daga Karolina ta Arewa har Fulorida. Na biyu, ba dukkan nau'o'inta ne suke da karin Gullah ba. Wannan ya sa Stephen Winick, masanin da ya fito da labarin faifan Wylie a wata maƙala a 2010, ya yi taka-tsantsan: abin da ya tabbata shi ne waƙar ta baƙaƙen fatan kudancin Amurka ce, furucin Gullah kuma shi ne ya fi dacewa da sunan da ta shahara da shi.

Mai Da'awa

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1939 wani matashin mai wa'azi Bature, Marvin V. Frey, ya buga kalmomin wannan waƙa a birnin Portland na jihar Oregon, daga baya kuma ya yi rajistar haƙƙin mallakarta da sunansa. Ya ce shi ya tsara ta wajen 1936, bayan ya ji addu'ar wata mata mai wa'azi a birnin. Da aka tambayi yadda sunan ya koma Kumbaya, sai ya kawo labarin wasu 'yan mishan da suka koyi waƙar, suka tafi da ita Afirka, sannan suka dawo da ita Amurka a shekarun 1940 da furucin mutanen can. Frey ya riƙe wannan da'awa har rasuwarsa a 1992, littattafai da jaridu da dama kuma suka yi ta maimaita ta.

Lissafi kaɗai ya isa ya warware wannan magana. An haifi Frey a 1918. Ke nan a ranar da Wylie ya tsaya gaban na'urar Gordon, Frey yaro ne ɗan shekara takwas. Ba lallai ne mu kira shi maƙaryaci ba, domin abu ne sananne a fagen waƙar baka mutum ya ji abu, ya kwanta masa a rai, bayan shekaru ya fito da shi yana zaton nasa ne. Mai yiwuwa addu'ar da ya ce ya ji, ita kanta daga tsohuwar waƙar aka tsamo ta. Abin lura shi ne dalilin da ya sa da'awarsa ta yi ƙarko. Shi yana da takarda da hatimi da ofishin da zai kai ƙara. Wylie da Ethel Best ba su da ko ɗaya, muryoyinsu kuma suna kulle a cikin akwati a birnin Washinton. Doka ta san marubuci, amma ba ta san taron jama'ar da suka yi shekaru suna goge waƙa a bakinsu ba.

Tambarin Angola

Ƙofar da waƙar ta bi ta shiga sansanoni ita ce wani ƙaramin kamfanin ɗab'i na Lynn Rohrbough da matarsa Katherine a garin Delaware na jihar Ohayo. Sana'arsu ita ce buga ƙananan littattafan waƙoƙi masu shiga aljihu, waɗanda sansanoni da coci-coci da ƙungiyoyin matasa kan yi odarsu da sunansu a bango. Wajen 1956 suka fara sa wannan waƙa a littattafansu, da sabon sunanta, tare da bayanin cewa waƙar Afirka ce daga ƙasar Angola, bisa labarin da ya zo musu ta hanyar 'yan mishan. Ba abin mamaki ba ne a ce 'yan mishan sun kai ta Angola sun kuma ji ta a can. Sai dai har yau babu wani masanin harshe da ya gano kalma mai wannan sauti da ma'anar da ta dace a harsunan wannan ƙasa.

Me ya sa tambarin ya karɓu haka? A shekarun 1950 wariyar launin fata tana nan daram a kudancin Amurka, sansanonin yara da yawa kuma ba sa karɓar baƙaƙen fata. Ga yaron Bature, waƙar wata ƙasa mai nisa abin sha'awa ce, tana sa shi jin cewa ya yi zumunci da duniya. Waƙar maƙwabcinsa da aka hana shiga makarantarsu kuwa tambaya take tayarwa, wadda manya ba sa son amsawa. A nan ne za mu tuna da Savannah. Tsakanin wannan birni, mahaifar sikawut ta mata, da garin Darien, tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka. Waƙar da 'yan mata suke rerawa suna zaton daga bayan teku ta zo, ashe a bayan gidansu aka fara ɗaukar ta.

Wannan ba ya nufin babu Afirka a ƙasar Gullah. Akwai ta, kuma da shaida. Masanin harshe Lorenzo Dow Turner, wanda shi ma baƙar fata ne, ya yi shekaru yana bincike a tsibiran, a 1949 ya fitar da littafin da ya jero kalmomi da sunayen mutane kusan 4,000 da ya danganta da harsunan Afirka, irin su Mende da Wolof da Fulatanci da Yarbanci da Kikongo, har da Hausa. A farkon shekarun 1930 ya ɗauki muryar wata mata, Amelia Dawley, a Harris Neck, cikin gundumar da Darien take, tana rera wata waƙa da aka gane ta Mende ce. A 1990 masu bincike suka sami irinta a ƙauyen Senehun Ngola na Saliyo. Haka kuma a tsibirin Sapelo na wannan gunduma wani bawa Musulmi mai suna Bilali, mutumin Timbo ta Futa Jalon, ya bar rubutu na Larabci mai shafi 13. Joseph Greenberg ya nuna kwafinsa ga malamai a Arewacin Nijeriya, aka ga alaƙarsa da Risala ta Ibn Abi Zaid, ya kuma buga bayanin a 1940. Bambancin waɗannan da labarin Angola shi ne an bi sawunsu an ga inda suka tsaya. Gani ya kori ji.

Yadda Ta Mamaye Sansanoni

Daga hannun Rohrbough wani mawaƙi mai suna Tony Saletan ya koyi waƙar, shi kuma ya koya wa wasu ɗaliban Kwalejin Oberlin da suka kafa ƙungiyar Folksmiths. A hutun 1957 waɗannan ɗalibai suka zagaya sansanonin yara na gabashin Amurka suna koyar da waƙoƙi, suka kuma ɗauke ta a faifan da kamfanin Folkways ya fitar a 1958. Ɗaya daga cikinsu, Joe Hickerson, shi ne daga baya ya shugabanci taskar nan da Gordon ya kafa, inda faifan Wylie yake ajiye. Pete Seeger ya ɗauke ta a 1958, ƙungiyar Weavers a 1959, Joan Baez kuma a 1962, lokacin da tauraruwarta take tashe.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka ba ta wannan karɓuwa. Ta zo daidai lokacin da Amurka ta cika da yara, domin daga 1946 zuwa 1964 an haifi kimanin miliyan 76, sansanoni kuma suka cika maƙil. Ta zo daidai lokacin da matasa suka koma wa waƙoƙin gargajiya, jita kuma ta zama kayan kiɗan kowa. Zubinta ya cika dukkan sharuɗɗan da muka ambata: layi ɗaya ake maimaitawa sau uku a rufe da na huɗu, wanda ya fara koyon jita jiya zai iya kaɗa ta yau, kuma kalma ɗaya kawai za a sauya a sami sabon ɗa. Bugu da ƙari, tana kiran Ubangiji ba tare da ta ambaci aƙidar wata ɗariƙa ba, don haka sansanonin mabiya addinai dabam-dabam suka karɓe ta. Bayan babban taron Fadar Paparoma na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, ta shiga cocin Katolika ma.

Amma ta biya kuɗin shiga. An sassauta raujinta, aka daidaita ɗiyanta suka zama ƙayyadaddu, aka ƙara mata alamun hannu da yara ke yi. Kukan da ke cikinta, wanda a Darien kukan mutumin da ya san talauci da wulaƙanci ne, ya koma kalma mai daɗin rerawa kafin barci.

Komawarta Fagen Gwagwarmaya

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata an rera ta a coci-coci da tarurruka, tana kuma cikin waƙoƙin da aka ɗauka a Selma ta jihar Alabama a 1965, lokacin jerin gwanon neman 'yancin jefa ƙuri'a. A can masu rerawa kan sauya ɗiyanta su ambaci halin da suke ciki a ranar, kamar yadda magabatansu suka saba.

A watan Yuni na 1964 ɗaruruwan ɗalibai, yawancinsu Turawa daga arewacin ƙasar, suka taru a garin Oxford na Ohayo suna karɓar horo kafin su tafi Misisifi yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe. Ana cikin haka labari ya zo cewa uku daga cikin abokan aikinsu, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, sun ɓace ranar 21 ga watan. Sai ranar 4 ga Agusta aka tono gawarwakinsu. Masanin tarihi Vincent Harding, wanda yake wurin, ya ba da labarin cewa bayan an shaida wa ɗaliban haɗarin da ke gabansu, aka kuma ba kowa zaɓin komawa gida, wannan waƙa ce suka yi ta rerawa. Da yawa daga cikinsu sun tashi a zamanin da ta cika sansanoni. A wannan rana kukan da ke cikin waƙar ya sake samun mai shi.

Daga Addu'a Zuwa Abin Ba'a

Abin da aka yawaita ji yakan gundura. Daga shekarun 1980 yaran sansanin da suka girma suka fara tuna waƙar a matsayin alamar yarinta da zumuncin baka. Fim ɗin barkwanci na Addams Family Values na 1993 ya yi amfani da ita wajen yi wa sansanin yara shaguɓe. Daga nan ta faɗa bakin 'yan siyasa, sunanta ya zama habaici ga duk wanda ake ganin ya ɗauka riƙe hannu da murmushi za su warware rikici. A watan Disamba na 2006, bayan liyafar ban kwana da Fadar Shugaban Amurka ta shirya wa Kofi Annan, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, John Bolton, wanda ba sa ga maciji da Annan, ya shaida wa 'yan jarida cewa babu wanda ya rera waƙar a wurin. Da aka gaya wa Annan sai ya yi dariya, ya tambaya ko Bolton ya ma iya ta. A 2007 Barack Obama, yana neman takara, shi ma ya nesanta siyasarsa daga riƙe hannu da rera ta.

Wannan ba'a a kan waƙar sansani aka gina ta, wato waƙar da aka riga aka cire wa ƙaya. Da masu yin ta sun san Wylie, ko sun san abin da ya faru a Oxford, da wuya su ɗauki addu'ar wanda aka zalunta a matsayin misalin sakarci. Harding, har zuwa rasuwarsa a 2014, yana nuna rashin jin daɗinsa da wannan amfani da ake yi da sunan waƙar.

Kammalawa

A 2006 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana gaɓar tekun da ta tashi daga Karolina ta Arewa zuwa Fulorida a matsayin yankin tarihi na al'adun Gullah da Geechee. A 2017, bisa ƙoƙarin mutanen Darien, majalisar jihar Jojiya ta karrama waƙar a matsayin waƙar tarihi ta jihar, aka kuma ambaci asalinta a zauren Majalisar Wakilai ta tarayya a ƙarshen shekarar. Shekara 91 ke nan bayan faifan Wylie.

Idan muka waiwaya za mu ga cewa abin da ya ceci wannan tarihi ɗan ƙaramin aiki ne. Gordon ya rubuta sunan mai waƙa, Boyd ya rubuta sunan ɗalibarsa, Lomax ya rubuta suna da gari da shekara. Ba don haka ba, da takardar 1939 ce za ta zama magana ta ƙarshe. Ba za mu ɗora wa yaran sansani laifi ba, domin su ne suka kai waƙar inda masu ita ba su taɓa zato ba. Laifin yana wuyan manyan da suka buga ta ba tare da sun tambayi inda ta fito ba.

Mu ma muna da irin wannan dukiya: waƙoƙin gaɗa da na tashe da na raino da na niƙa da na daɓe, waɗanda babu mai iya nuna wanda ya fara su, kuma mawaƙan zamani da masu shirya fim suna ɗiba daga cikinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga adabin gargajiya, amma doka da shaida take aiki, shaidar kuwa sai an tara ta. Saboda haka kiranmu ga ɗalibanmu masu fita ƙauyuka da zanguna neman waƙa domin kundin digiri shi ne, bayan neman izinin mai waƙa, a rubuta sunanta ko sunansa, da garin, da ranar, da wanda ya koya masa, a kuma ajiye muryar a inda na baya za su same ta. Wannan shafi ɗaya na bayani wata rana shi ne zai raba gardama tsakanin masu waƙa da mai da'awa.